Wa Ya Kashe Tsofaffin Lawndale?

Ga wani kacici-kacici, amma ba irin na dandali ba. Unguwanni biyu ne a birni ɗaya, suna jingine da juna, mutum zai taka da ƙafa daga wannan ya shiga waccan bai gaji ba. Rana ɗaya ce ke fitowa a kansu. Talauci ya yi wa tsofaffinsu rabo kusan daidai wa daida, kuma kowacce tana da tsofaffi masu zaman kaɗaici. Sai aka yi mako guda ana zafi mai tsanani. Da ya lafa aka ƙirga mamata: unguwa ta farko 19, ta biyu 3. In aka auna da yawan jama'ar kowacce, ta farko ta rasa mutum 40 cikin kowane 100,000, ta biyu kuwa 4. Ninki goma cif. To wa ya kashe su?

Kada ka yi saurin ba ni gari, mai karatu. Akwai waɗanda ake tuhuma, za mu kira su ɗaya bayan ɗaya mu titsiye su. Kowannensu yana da kama da mai laifi, wannan shi ne wahalar shari'ar.

Birnin dai Shikago ne na Amurka, lokacin kuma watan Yuli na 1995. Ranar 13 ga wata zafi ya kai digiri 41. Wutar lantarki ta ɗauke a dubban gidaje, yara suka buɗe famfunan kashe gobara na bakin titi fiye da 3,000 har ƙarfin ruwa ya ragu, a wasu unguwanni ma ya daina zuwa, asibitoci 23 suka ce sun cika kada a kawo musu kowa. Ɗakin ajiye gawa na gunduma ya cika ya batse, sai da wani kamfanin nama ya ba da aron manyan motocinsa masu firji aka jera su a harabar wurin. Daga 14 zuwa 20 ga wata, mutum 739 suka mutu a kan adadin da aka saba gani a mako irin wannan. Magajin gari Richard M. Daley ya yi ta musun alƙaluman, yana cewa ai kullum ma ana mutuwa, ba kowace gawa za a ɗora wa zafi ba. Babban likitan binciken gawa, Edmund Donoghue, ya tsaya a kan bakansa, kuma bincike daga baya ya gaskata shi. Unguwanninmu biyu su ne Lawndale ta Arewa, mai 19, da Lawndale ta Kudu, mai 3, wadda mazaunanta ke kira La Villita.

A shigo da wanda ake tuhuma na farko: rana.

Na san abin da mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zai ce yana murmushi. Digiri 41? Ai mu a watan Afrilu da shi muke zuwa kasuwa, wani lokaci ma da azumi a baki. Gaskiya ne, amma zafin Shikago na wannan mako ya zo da danshi mai nauyi a iska, irin wanda gumi ke tsatsowa ya ƙi bushewa, jiki kuwa da bushewar gumi yake huce kansa. In aka haɗa danshin da zafin, abin da jiki ke ji ya haura digiri 50. Dare ma bai kawo sauƙi ba. Ga gidajen birnin na jan bulo da rufin kwalta, an gina su ne don su riƙe ɗumi a lokacin hunturu mai ƙanƙara, ba don su saki zafi ba. Saboda haka rana tana da hannu, babu ja. Sai dai rana ba ta san iyakar unguwa ba. Ba ta tsaya a bakin Lawndale ta Kudu ta juya ba. Ita makami ce kawai, mu kuwa mai riƙe da makamin muke nema.

Na biyu: tsufa. Wannan kam shaida ta yi masa yawa. Kashi 73 cikin 100 na mamatan sun haura shekara 65. Zuciyar tsoho ba ta da ƙarfin tura jini zuwa fata yadda ta saurayi ke yi, ƙishirwa ba ta yi masa kashedi da wuri, wasu magungunan hawan jini kuma suna ƙara tsane ruwan jiki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi gidajen mamata tana tambaya, ta gano cewa haɗarin ya fi yawa ga wanda ke kwance ba ya tashi, da mai zama shi kaɗai, da wanda ba ya fita kullum, da mai kwana a hawa na ƙarshe na bene. Duk wannan ya zauna daram. Amma Lawndale ta Kudu ma tana da tsofaffi, kuma kason masu zaman kaɗaici a cikinsu bai yi nisa da na maƙwabciyarta ba. In tsufa ne, me ya sa ya kama na nan ya bar na can? Akwai ma wani ƙaramin abin ɗaure kai da za mu ajiye a gefe tukuna: tsofaffin mata sun fi yawa, sun kuma fi zama su kaɗai, amma in aka daidaita shekaru, maza sun mutu fiye da ninki biyu na mata. Riƙe wannan, zai yi mana rana.

Na uku shi ne wanda kowa ke nuna wa yatsa tun kafin a zauna: talauci. Mai kuɗi yana da na'urar sanyaya ɗaki, yana da mota, yana da likita. Talaka yana da fanka mai kaɗa iska mai zafi, in ma yana da na'urar yana tsoron kuɗin wuta. Taswirar mutuwar ta kusa hawa daidai kan taswirar talaucin birnin. Na ce ta kusa. Domin ga wata shaida da ta ɓata lissafin gaba ɗaya. 'Yan asalin Latin Amurka, masu magana da Sifaniyanci, su ne kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen Shikago a lokacin, kuma suna cikin mafi talauci, masu aikin ƙarfi da cunkoso a gidaje. Kasonsu a cikin mamata? Kashi 2 cikin 100. Baƙar fata kuwa, in aka daidaita shekaru, sun mutu ninki ɗaya da rabi na farar fata. A lokacin, Lawndale ta Arewa kashi 96 cikin 100 baƙar fata ce. Lawndale ta Kudu kashi 85 'yan Latin Amurka ne, galibi 'yan asalin Meziko.

To, ka ce, ai shari'a ta ƙare. Launin fata ne.

Dakata. Launin fata ta wace hanya? Nan ne masu saurin yanke hukunci suka rabu gida biyu, kuma duka gidajen sun yi ɓatan kai. Gida na farko ya ce jini ne, wai jikin mutanen Meziko ya saba da zafi. Wannan magana abin dariya ce, don da ana gadon jure zafi a jini, da jikokin Afirka, waɗanda iyayensu suka yi noman auduga a ranar Misisipi, ba su ne za su fara faɗuwa ba. Gida na biyu ya fi wayo. Ya ce al'ada ce: 'yan Latin Amurka suna riƙe zumunci, ba sa yar da tsofaffinsu, baƙar fata kuwa gidajensu sun watse. Wannan bayani yana da daɗin ji, musamman ga hukuma, tunda ya mayar da laifin kan mamatan da danginsu. Wani kwamishinan birnin ma ya fito fili ya ce mutanen sakaci suka yi da kansu. Ni kaina, da aka tsaya a nan, da sai in ce wataƙila.

Amma ba a tsaya ba. Wani matashin masanin zamantakewa, Eric Klinenberg, wanda haifaffen Shikago ne, ya ɗauki shekaru yana bin rahotannin 'yan sanda da takardun gawa da titunan unguwannin, ya fitar da littafinsa mai suna Heat Wave a 2002. A cikin lissafin unguwannin birnin akwai wani abu da ya ƙi shiga buhun al'ada da na jini. Daga unguwanni goma da aka fi mutuwa, takwas kusan duk baƙar fata ne. Wannan kowa ya gani. Abin da ba a lura da shi ba shi ne can ƙasan jerin. Daga goma da aka fi tsira, uku su ma na baƙar fata ne, kuma ba na masu kuɗi ba.

Ɗauki Englewood da Auburn Gresham, maƙwabtan juna a kudancin birnin. A lokacin, kowacce kashi 99 cikin 100 baƙar fata. Englewood ta rasa mutum 33 cikin 100,000. Auburn Gresham ta rasa 3. Ta fi unguwannin attajiran farar fata da yawa tsira.

Jini ɗaya. Coci-coci iri ɗaya. Asali ɗaya daga kudancin Amurka. Mutuwa ninki goma sha ɗaya.

Jini ya fita. Al'ada ta fita. Waɗanda ake tuhuma sun ƙare, gawarwaki kuwa suna nan.

Sai mu koma ɗakunan da aka tsinci mutanen. Rahotannin 'yan sanda suna maimaita abu ɗaya har ya gundure ka. An fasa ƙofa. Ɗaki ya yi zafi ƙwarai. Tagogi a rufe. Wasu an kulle su, wasu an buga musu ƙusa.

Tagogi a rufe, a zafin digiri 41.

Me zai sa mai hankali ya rufe taga yana narkewa? Me zai hana shi saukowa ya zauna a inuwa, ko ya shiga kanti mai sanyi ya huta? A shekarun baya, in zafi ya yi tsanani, mutanen Shikago kan kwashi shimfiɗa su kwana a wuraren shaƙatawa da bakin tafki, dubbansu. A 1995 tsofaffin nan ba su fita ba. Ba abin da ke cikin ɗakin ya kamata mu bincika ba, ashe. Abin da ke waje ne.

Leƙa ta tagar.

A Lawndale ta Arewa abin da tsoho zai gani shi ne kangwaye da filayen da aka rushe gidajensu ciyawa ta cinye. Gefen titi ya farfashe, mai sanda ba zai iya bi ba. Fitilun titi sun mutu. Shaguna an rufe su da katako. A kwanar da a da ake sayar da burodi, yanzu samari ne ke sayar da ƙwaya, a birnin da aka kashe mutum sama da 800 a wannan shekarar. Unguwar da ta ɗauki mutum kusan 125,000 a 1960 ta koma kimanin 47,000 a 1990. Wata ƙidayar da aka yi a tsakiyar shekarun 1980 ta samu banki ɗaya da babban kantin abinci ɗaya a duk faɗinta, tare da mashaya da shagunan giya 99. Tsohon da ke zaune a nan ya daɗe da koyon darasi: fita haɗari ce, kuma ko ka fita babu inda za ka. 'Ya'yansa sun yi ƙaura, abokansa sun mutu ko sun tashi, maƙwabcin da ya sani gidansa ya zama fili. Kullewar da ta kare shi daga ɓarawo shekara da shekaru ita ce ta gama da shi a mako guda.

Yanzu taka ka shiga La Villita, ka hau titi na 26. Shago na manne da shago, masu tura amalanken 'ya'yan itace da ƙanƙara, gidajen burodi, wuraren aski, bankuna, mata da yara a ko'ina har dare. A lokacin jama'ar unguwar ƙaruwa take yi, don baƙi daga Meziko suna ta shigowa suna cike gidajen da Turawa 'yan asalin Cek da Folan suka bari. Tsohon da ke nan, ko da talaka ne, ko da shi kaɗai yake kwana, yana da dalilin saukowa kowace safiya. Yana sayen burodi, yana gaisawa da mai shago, yana shiga kanti mai na'urar sanyi ya yi jinkirin fita ba wanda zai kore shi. In kwana biyu ba a gan shi ba, akwai mai cewa ina wane? Duk wanda ya san majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi a garuruwanmu ya san wannan aikin: ba wanda ya naɗa su masu gadin dattawa, amma ranar da kujerar Baba ta kwana biyu babu kowa, kafin la'asar an aika yaro ya dubo shi.

Ga kuma shaidar da ta fi burge ni a duk binciken. A La Villita akwai ragowar tsofaffin farar fata da ba su tashi ba, waɗanda ba su da dangi a kusa, ba sa jin Sifaniyanci, ba su da rabo a zumuncin mutanen Meziko da ake ta yabo. Bisa lissafin masu cewa al'ada ce, su ya kamata su fara mutuwa. Amma titi mai rai ya rufa musu asiri kamar kowa. Auburn Gresham ma haka: ba ta yi asarar jama'a irin ta Englewood ba, wadda rabin mutanenta suka watse tsakanin 1960 da 1990. Shagunanta da gidajen cin abincinta suna nan, mazauna layi suna da ƙungiyoyinsu, sun san wanda ke zaune shi kaɗai, suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Batun maza da muka ajiye ma ya warware a nan. Tsohuwa takan riƙe ƙawaye da coci da waya da jikoki. Tsoho da yawa, in aiki ya ƙare mata ta rasu, sai ya zama ba mai nemansa.

Ashe titi ne. Amma mai binciken da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan wanda ya aikata, sai ya tambayi wanda ya aiko shi. Wa ya kwashe mutane da shaguna daga Lawndale ta Arewa? Kuma me ya sa takwas cikin goma na unguwannin da suka zama kufai na baƙar fata ne? A nan launin fata ya dawo cikin shari'ar, ba ta jini ba, ta takarda da tawada.

Tun shekarun 1930 hukumomin gidaje na gwamnatin tarayya suka zana taswirar birane suna shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, alamar cewa ba da bashin sayen gida a nan haɗari ne. Bankuna suka bi. Baƙar fata da suka yi ƙaura daga kudu zuwa Shikago neman aiki an tsare su a 'yan unguwanni, ba a sayar musu ko ba su haya a sauran. Lawndale ta Arewa a da unguwar Yahudawa ce. A cikin shekarun 1950 farar fata suka tashi, zuwa 1960 kashi 91 cikin 100 na mazaunanta baƙar fata ne. Da yake banki ba ya ba su bashi, sai dillalai suka samu kasuwa: su sayi gida da araha daga Bature mai gudu, su sayar wa baƙar fata a kan ninkin kuɗin, biya wata-wata, takardar gida tana hannun dillali har sai an gama. Ka kuskure wata ɗaya, a fitar da kai, duk abin da ka biya ya bi ruwa, a sayar wa wani. Kuɗin da ya kamata ya gyara rufi da bango ya tafi aljihun mutanen da ba sa kwana a unguwar. Lalacewar gidajen ce ta sa Martin Luther King ya tare a wani gidan haya a nan Lawndale ta Arewa a watan Janairun 1966, don duniya ta gani. Da aka kashe shi a 1968, tarzoma ta ƙone shaguna da yawa a yammacin birnin, kuma kamfanonin inshora da bankuna ba su ba da abin sake ginawa ba. Sai masana'antu suka bi sahu. International Harvester ya rufe a 1969. Sears, wanda hedkwatarsa ke cikin unguwar, ya kwashe ta zuwa dogon beninsa na tsakiyar gari a farkon shekarun 1970. Babbar masana'antar Western Electric da ke kusa ta rufe a shekarun 1980. Duk mai halin tashi ya tashi. Waɗanda suka rage su ne marasa hali da tsofaffi.

'Yan Meziko ma sun sha wariya, kada a yi kuskure. Bambancin shi ne unguwarsu tana samun sababbin baƙi kullum masu buɗe shago da cike gidaje, yayin da ƙaurar baƙar fata daga kudu ta tsaya wajen 1970, aka bar unguwanninsu suna zubewa babu mai maye gurbi.

Adalci ya sa in faɗa cewa ba kowa ya yarda da hukuncin Klinenberg ɗari bisa ɗari ba. A 2006 wani masani, Mitchell Duneier, ya bi gidajen mamatan Lawndale ta Arewa ya ce da dama cikinsu ba su kaɗai suke zaune ba, wasu kuma shaye-shaye ya riga ya raunana su. Wannan suka ce mai nauyi, kuma tana nuna cewa hoton tsoho shi kaɗai a bayan ƙofa bai rufe kowace gawa ba. Sai dai a wannan shekarar wasu masanan, ƙarƙashin Christopher Browning, suka auna unguwannin birnin gaba ɗaya, suka samu cewa inda kasuwanci ya mutu nan mutuwar zafi ta fi yawa. A ganina sukar ta gyara labarin ne, ba ta rushe shi ba. Ko da dangi a gida, unguwar da babu kanti mai sanyi, babu asibiti kusa, babu titi mai aminci, ba ta ba iyali wurin da za su kai tsohonsu. Jan launin taswirar nan ma har a ma'aunin zafi yana fitowa: binciken da aka buga a 2020 kan birane 108 na Amurka ya nuna unguwannin da aka shafa wa ja sun fi waɗanda aka yaba zafi da kimanin digiri 2.6, saboda ƙarancin bishiyoyi da yawan kwalta.

Hujja ta ƙarshe birnin da kansa ya bayar. A Yulin 1999 zafi makamancin wancan ya dawo. Wannan karon hukuma ta buɗe wuraren shan sanyi, ta ba da motoci kyauta, ta sa ma'aikata da 'yan sanda suna buga waya suna ƙwanƙwasa ƙofofin tsofaffi masu zaman kaɗaici. Wato gwamnati ta yi na 'yan kwanaki abin da titi na 26 ke yi kullum ba tare da an biya shi ba. Mamata suka tsaya a wajen 110. Amma ƙwanƙwasa ƙofa a makon zafi bai mayar da shago ko ɗaya Englewood ba. Wani nazari na jami'ar New York a 2019 ya samu cewa mazaunin Streeterville, unguwar masu hali a bakin tafki, ana sa ran zai kai shekara 90, na Englewood kuwa 60. Wannan tazarar ta shekara 30 ita ce mafi girma da nazarin ya samu a cikin birni ɗaya a duk Amurka.